Yadda na kwana da yunwa a kan dami

Wata biyar na shafe ina sa marubuta uku suna amsa tambayoyin da babu wanda ya yi su, kuma da kuɗin wani bawan Allah nake biyan su. Har yanzu in na tuna sai in ji nauyi ya lulluɓe ni.

Mai kuɗin wani Alhaji ne da ke sayar da abincin kaji da 'yan tsaki da magunguna, yana da babban shago da ƙananan rassa biyu. Ɗansa ne ya buɗe masa shafin intanet, shafin ya shekara ba mai leƙa shi. Aka ba shi labarin wata sana'a da ake kira SEO, wato gyara shafi da tsara abin da ke cikinsa ta yadda in mutum ya nemi abu a Google zai ci karo da shi a sahun gaba, ba tare da an biya kuɗin talla ba. Aka haɗa shi da ni. Na taɓa yin irin aikin da Turanci, ya kuma yi kyau, saboda haka na shiga ina hura hanci. Sharaɗi ɗaya Alhaji ya gindaya: da Hausa yake so, domin masu sayen kayansa da ita suke ciniki.

Tushen wannan aiki shi ne a gano kalmomin da mutane ke rubutawa a akwatin nema, sannan a tsara rubuce-rubucen da za su amsa musu. Na buɗe Keyword Planner, manhajar da Google ya tanadar wa masu talla, na zaɓi Nijeriya, na zuba kalmomin kiwon kaji da Hausa. Ƙalilan ne suka fito da lamba. Sauran sai wani ɗan layi a gabansu, alamar babu isassun alƙaluma. Dama ga wanda ba ya kashe kuɗin talla, manhajar ba ta ba da tsayayyar lamba, sai dai ta ce ana neman kalma tsakanin sau 10 da 100, ko 100 da 1,000 a wata. Da na zuba na Turanci kuwa, nan take allo ya cika da lambobi. A nan ne zuciya ta raɗa mini dabara: in kwashi na Turancin, in jera su daga mai babbar lamba zuwa ƙarama, in mayar da su Hausa, shi ke nan. Dare biyu na gama. Jadawalin Excel mai layi ɗari uku da 'yan kai, kowane layi kalma ɗaya, kowace kalma rubutu ɗaya, kowane rubutu da ranar fitarsa, Litinin da Laraba da Juma'a. Har launuka na shafa masa. Da na nuna wa Alhaji a kwamfuta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Lallai kun yi boko." Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Ga irin kanun da jadawalin ya haifa: "Dabarun sarrafa cututtukan kaji", "Ingantaccen tsarin ciyar da kajin nama", "Fa'idojin kasuwancin kiwon kaji a Nijeriya". Hausa ce, ba mai kama ka da kuskuren nahawu. Amma wanda ya leƙa akurki da asuba ya tarar da kaji uku a sheme ba zai ɗauki waya ya rubuta "sarrafa cututtuka" ba.

An gaya mini haka tun sati na biyu. Cikin marubutan akwai wata ɗalibar jami'a, ita ce ƙarama a cikinsu, mahaifiyarta tana kiwon kaji a bayan gida. In na ba ta kanu daga jadawali sai ta dawo da rubutun da nata kanun: "Kajina suna kashin jini, me zan ba su?" ko "Me ya sa 'yan tsaki ke taruwa wuri ɗaya?" Ina gogewa ina mayar da nawa. Rannan ta yi ta maza ta ce, "Malam, wallahi ba haka ake faɗa ba. Umma ba za ta taɓa rubuta wannan ba." Na juya mata kwamfuta, na zuba jimlarta a manhajar, ɗan layin nan ya fito. Na ce, "Kin gani? Umma ba ta cikin lissafi." Sauran biyun suka yi dariya. Ba ta daina ba, ni ma ban daina ba, har na riƙe kuɗin rubutunta guda shida a kan wai ba ta bi tsari ba. A wata na uku ta turo saƙo cikin ladabi cewa jarabawa ta gabato. Ba ta sake dawowa ba.

Shafin kuwa shiru. Google da kansa yana gaya wa masu ɗaukar ma'aikacin SEO cewa aikin kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Maganar gaskiya ce, amma ni sai na mayar da ita garkuwa. Duk sanda Alhaji ya tambaya sai in karanto masa ita, ya ce to Allah ya kai mu.

Ƙaramar Sallah ce ta tona mini asiri. Ita ce babbar kasuwar Alhaji, domin gidaje da yawa sai da kaza ake miyar ranar. Buroila sati shida zuwa takwas take yi ta isa yanka, ke nan mai son sayarwa da Sallah tun cikin Sha'aban yake zuba 'yan tsaki, kafin ya zuba kuwa ya gama tambaye-tambayensa tun Rajab. Sabon shafi kuma yana buƙatar makonni, wani lokaci watanni, kafin Google ya saba da shi ya ɗaga shi. Rubutunmu a kan kiwon kajin Sallah ya fita ne a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kajin mutane suna kan hanyar kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa sai da aka yi nisa a tafiyar na ɗauko wuƙa. Dalili kuwa, girman lamba ne ya jera mini ranaku, ba yanayi ba. Rubutun ɗumama 'yan tsaki ya tsallake hunturu ya faɗo tsakiyar bazara, na kare kaji daga zafi kuma yana can layin watan Agusta yana jiran marka.

Bayan Sallah da kwana huɗu Alhaji ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Gobe ka bar kwamfutar nan a gida, ka zo shago ka wuni."

Na je. Dattijon da ke kula da shagon ya nuna mini buhun dusa na zauna. Kafin hantsi wata mata ta shigo da yaro riƙe da baƙar leda, mushen kaza a ciki. Ba ta ambaci sunan wata cuta ba. Cewa ta yi suna gyangyaɗi, sun saki fukafukai, kashinsu kore, ɗaya ma wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Wani ya zo ya ce masu ƙwansa sun rage yi tun da zafi ya sauka. Wani kuma tambayarsa ɗaya, buhu nawa kaji ɗari za su ci kafin su tashi. Can wajen azahar wani matashi ya shigo yana nuna wa dattijon hoto a waya, ya ce ya duba intanet bai gamsu ba. Na roƙe shi ya nuna mini abin da ya rubuta. Ya miƙo wayar, gilashinta a tsage. A akwatin nema an rubuta "maganin kaji masu kashin jini". Da na taɓa akwatin sai tsofaffin binciken da ya yi suka zubo: "yanda ake hada abincin kaji", "farashin buhun finisha yau", "noila yan kwana daya nawa ne". Babu ƙugiya a kan harafi ko ɗaya, kuma kalmomin sana'ar da suka shigo daga Turanci yana rubuta su yadda bakinsa ke faɗa. Abin da Google ya ba shi kuwa bidiyoyin YouTube ne da wani tsohon rubutun Facebook. Na ja allon ƙasa, na sake ja. Ba mu ba alamarmu. Alhali muna da rubutu a kan wannan ciwo, kanunsa "Rigakafi da sarrafa cutar koksidiyosis", kuma ni na laƙaba masa da hannuna bayan na goge na yarinyar.

Dattijon yana lura da ni. Da matashin ya fita sai ya ce, "Ɗana, nan ba mai zuwa da sunan cuta. Da alama suke zuwa, mu ne muke sa mata suna." Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wayar shago, ya buɗe WhatsApp ya ɗora mini a cinya. Saƙonnin murya ne jere, na watanni da watanni, maza da mata, kowa da damuwarsa a cikin kalmominsa. Binciken da na kwana biyu ina ƙirƙira daga Turanci, ga shi nan an yi shi an gama, yana kwance a aljihun tebur. Rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Nawa ma ya fi na kazar muni, domin ni an nuna mini damin na kau da kai.

Daren nan na buɗe Search Console, manhajar kyauta da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike. Kullum ina buɗe ta, amma iyakacina zanen layin da ke sama, in ga ya hau ko ya sauka. A ƙarƙashinsa akwai jadawalin ainihin abin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana musu. Tana ajiye bayanin wata 16, tana nuna layi har 1,000, tana kuma ɓoye tambayoyin da ba safai ake yi ba don sirrin masu nema. Na gangara. Kai ka ce yarinyar ce ta zauna ta cika shi. Kashin jini, gyangyaɗi, murar kaji, kaza ta daina ƙwai. Muna bayyana, amma can nesa da goman farko inda ba mai isa. Rubutu biyu ne kawai cikin sittin da wani abu ake latsawa a kai a kai, kuma su ne biyun da gaggawa ta sa na saki da kanunta ban gyara ba.

Sai na tace tambaya ɗaya, ta haɗa abincin kaji, na koma ɓangaren shafuka in ga wanne ne ke amsa ta. Shafuka biyar suka fito. A jerin Turancin nan akwai kalmomi biyar masu kama da juna, kowacce na ba ta layinta da rubutunta, duk kuwa da cewa buƙata ɗaya ce a bayansu. Google ya rasa wanda zai fifita, yau ya ɗaga wannan gobe wancan, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa. Masu sana'ar suna kiran wannan cin naman juna. Na yi dariyar takaici, domin har rubutu muka yi a kan yadda kaji ke tsattsagar juna in an cusa su a ƙaramin ɗaki. Tsarin kalma ɗaya shafi ɗaya tsohon yayi ne. Tun sauyin da ake kira Hummingbird a 2013, da BERT a 2019, Google yake ƙara karkata ga ma'anar tambaya maimakon dacewar haruffa, kuma a watan Agustan 2022 ya fito da tsarin rage darajar rubutun da aka yi don injin bincike ba don mutum ba, ya faɗaɗa shi zuwa dukkan harsuna a Disambar shekarar. Na san duk wannan. Na ma sha koya wa wasu. Jadawali mai launuka ne ya rufe mini ido.

Ɗan layin da na kunyata yarinyar da shi kuwa ba sifili yake nufi ba. Keyword Planner don mai sayen talla aka gina ta, abin da bai kai wani yawa ba ba ta damu da ƙirga shi ba. Tambayar Hausa kuma a warwatse take zuwa: wani ya rubuta "yadda", wani "yanda", "ƙwai" da "kwai", "haɗa" da "hada", 'yan tsaki kaɗai ana rubuta su iri uku, da alamar ɗauri, da "yan" tsirara, da "ƴan" irin ta ƙa'idar Nijar. In mutum ɗari suka yi tambaya ɗaya ta hanya talatin, kowace hanya ƙarama ce a idon manhaja. Google ma ya sha faɗa cewa kashi 15 cikin ɗari na abin da ake nema a kowace rana bai taɓa ganin irinsa ba. Ta ina lambar watan jiya za ta san da su?

Washegari na koma wajen Alhaji na faɗa masa komai, har da zancen yarinyar. Na ce laifin ba na Google ba ne, ba na marubuta ba ne, nawa ne, kuma zan yi wata uku ina gyara ba tare da ya biya ni ba. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Kuɗi sun tafi, ba su nake ji ba. Sallar nake ji, sai baɗi kuma." Wannan ta fi zagi zafi.

Gyaran ya fi ginin farko wahala. Sati biyu na yi da wayar shago a kunne, ina rubuta kowace tambaya yadda aka furta ta, na haɗa da na Search Console da cikon da Google ke kawowa in mutum ya fara rubutu a akwatin nema. A sabon jadawalin, gidan farko na tambaya ne da bakin mai ita, na biyu na abin da yake so a zahiri: sani yake nema, ko farashi, ko inda zai saya. Lamba tana nan, amma can gidan ƙarshe, ba ita ke jan ragama ba. In na yi shakkar ko tambayoyi biyu shafi ɗaya za su zauna, sai in nemi kowacce a Google in kwatanta goman farko. In yawancin shafukan da suka fito iri ɗaya ne, buƙata ɗaya ce, shafi ɗaya ya ishe su. In sun sha bamban, kowacce da gidanta. Da wannan ma'auni layi ɗari uku suka koma rukuni arba'in da 'yan kai. Shafuka biyar na haɗa abinci suka zama ɗaya, sauran huɗun na ɗora musu turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, don duk wanda ya bi tsohon adireshi ya faɗa sabon. Inda na ga bidiyo ne ya mamaye sakamako, kamar yadda ake ba kaji rigakafi a ruwan sha, sai muka ɗauki dattijon a waya yana nunawa, muka ɗora a kan rubutun.

Ranaku kuma daga baya nake ƙirgo su. In ɗauki Sallah, in cire wata biyu na kiwo, in cire na tambaye-tambaye, in ƙara cire wata biyu ko uku na jiran Google. Kuma da kalandar Hijira nake yi, domin shekararta kwana 354 ce ko 355, Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Wanda ya kwafi ranar bara daga Google Trends, manhajar da ke nuna lokutan da bincike ke hawa da sauka, ya makara tun bai fara ba. Hunturu da bazara da damina kuma suna da nasu gidan da watannin Bature.

Akwai wurare biyu da na ƙi bin masu nema. Na farko rubutu: ban yarda in cire ƙugiya daga ƙ da ɗ da ɓ don in yi daidai da abin da ake bugawa a waya ba. Kalmominsu nake ɗauka, ba kurakuransu ba. Hausar da ke intanet ta sha wuya isasshiya ba sai na ƙara mata ba. Na biyu ya fi nauyi. In ka sa alama a kanu, ka ɗauki amanar wanda kajinsa ke mutuwa yanzu-yanzu. Kashin jini galibi koksidiyosis ne, yana da magani, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke rura shi. Amma murɗewar wuya da koren kashi irin na kazar matar nan sun fi kama da cutar Newcastle, wadda ba ta da magani sai rigakafi, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi. Mutuwar farat ɗaya kuwa tana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a wata gona a Jihar Kaduna a 2006, ita kuma sanar da hukuma ake yi, ba a zo shago neman ƙwaya ba. Shago yana son ya sayar, amma na roƙi Alhaji kada rubutun cuta ko ɗaya ya fita sai likitan dabbobi ya karanta. Ya yarda, kuma shi yake biyan likitan.

Jerin Turancin ma bai zama shara gaba ɗaya ba. Masu manyan gonaki da manajojinsu da Turanci suke nema, don haka muka ware musu 'yan shafuka da Turancin kai tsaye, ba fassarar da ba ta yi wa kowa amfani ba. Shafin Alhaji bai zama abin mamaki ba, amma yanzu akan shigo shago a ce wa dattijon, "Na gani a shafinku," abin da bai taɓa ji ba a watanni biyar ɗin farko.

Sai da na yi wata guda ina juya lambar yarinyar kafin na iya kira. Na gaishe ta, na tambayi Umma da kajinta, sannan na ce mata ita ce da gaskiya, kuma abin da na faɗa a gaban abokan aikinta rashin mutunci ne. Ta ce, "Ba komai Malam, ya wuce." Na roƙe ta ta dawo ta riƙe jadawalin gaba ɗaya. Ta yi godiya, ta ce ta samu wani wuri kuma tana jin daɗinsa. Kuɗin rubutunta shida da na riƙe, a daren na tura mata daga aljihuna.